Rariya ta Uku

Suhaibu na durƙushe a bakin lambatu yana kallon baƙin ruwan da ke fitowa daga sabon bututun gidansu. Ruwan ba shi da yawa. Siriri yake zubowa, ya bi jikin siminti, ya gangara ya haɗu da abin da ke kwance a ƙasa: kumfar wanki, ledoji, ɓawon rake, da wani abu da kare ya bari wanda ba sai an ambaci sunansa ba. A bayansa mahaifiyarsa ce tsaye, Inna Raihanatu, jakar tafiyarta na rataye a hannu. Saukarta ke nan daga motar Kebbe, ko zaure ba ta kai ga takawa ba idonta ya faɗa kan ruwan.

"Sa hannu ka shinshina," in ji ta.

Ya tara yatsu biyu, ya kai hanci. Ƙanshin ƙaro da gawayi ne, ƙanshin da ya tashi a cikinsa tun bai san hagu da dama ba.

"Tawada ce, Inna."

"To daga ina tawada ka fitowa cikin kwata?"

Shi ma a lokacin yake tambayar kansa.

Ga yadda abin ya faru. Da rani aka gina wa shiyarsu a Tambuwal lambatun siminti, aka bi gida gida ana sanar da doka: an daina sakin ruwa ta gindin katanga ya kwanta a hanya, kowane gida ya binne bututu ya haɗa da lambatu, kuma kada a sake ganin ramin da ke tara ruwa a tsakar gidan kowa. Lokacin Inna na Kebbe tana jinyar ƙanwarta. Suhaibu, malamin firamare ne da ba ya son abin da zai haɗa shi da hukuma ko da gaisuwa ce, ya kira Ɗan'iya mai aikin famfo ya ce masa, "Ka yi yadda doka ta ce," ya hau babur ɗinsa ya tafi makaranta. Da ya dawo ya tarar da tsakar gida fes, an daɓe ko'ina, har ya ƙara wa Ɗan'iya da godiya.

Abin da bai tsaya ya duba ba shi ne kusurwar gabas, gindin lalle. A nan akwai wani gurbi cike da tsakuwa inda ake zuba ruwan wankin allo tun zamanin kakansa. Ba a taka wurin da takalmi, ba a tofa miyau, kaza ma in ta nufi can sai an kore ta. Matan auren da Inna ke karantarwa kowace safiya a nan suke wanke allunansu, ruwan ya nutse a ƙasa mai tsarki, lallen ya sha. Shi kuwa Ɗan'iya da ya zo da awonsa, ya ga duk gangaren gidan can ya nufa, sai ya kwashe tsakuwar, ya kafa rariya a kan gurbin, ya yi mata ɗan kwano na siminti mai kyau, ya haɗa ta da babban bututu.

Inna ta shiga gida, Suhaibu na biye. Mata na zaune a kan tabarmi, alluna na jingine a rana suna bushewa. Bara'atu, matar Suhaibu, wadda Inna ta bar wa riƙon makarantar, tana durƙushe a gindin lallen da ƙwarya a hannu, tana ɗauraye allo na ƙarshe. Ta ɗago da fara'arta za ta yi sannu da zuwa, ta ga fuskar surukarta, fara'ar ta tsaya a rabin hanya.

"Tun yaushe kuka wanki nan?"

"Tun da anka gama aikin, Inna. Mun aza Malam ne ya sa anka gyara mamu wurin don shi yi kyau."

"Kin san ina ruwan ka zuwa?"

Bara'atu ta dubi rariyar, ta dubi mijinta, ta dubi katangar da ke tsakaninsu da titi. Ƙwaryar ta suɓuce daga hannunta. Wata tsohuwa daga cikin ɗaliban ta fara salati da ƙarfi, sauran suka kama, wata ƙaramar amarya ta fashe da kuka alhali ba ta ma gama gane abin da ya faru ba.

Inna ba ta ɗaga murya ba. Da ma ta ɗaga, da Suhaibu ya fi samun sauƙi. Ta sallami matan, ta koma zaure ta zauna a kan jakarta, ta aika aka tsayar da ɗan kabu-kabun da ya kawo ta daga tasha, ta ce ya dawo bayan la'asar. Bara'atu ta kawo mata ruwa a kofi, ta kau da kai. Sunan Suhaibu ba ya fita daga bakinta da ma, ɗan fari ne, yau kuwa ko kallonsa ba ta yi ba. Bango ta yi wa magana.

"Ba ni kwana gidan da maganar Allah ka bin kwata. In la'asar ta yi wagga rariya tana nan, Kebbe za ni koma, can za a rufe ni."

Kuma yau ɗin ce ranar da masu duba aiki za su zagayo shiyar, su ma bayan la'asar. Dalilin da ya sa Suhaibu ya nemi izini bai je makaranta ba ke nan.

"Inna," in ji Bara'atu a hankali, "a bari su duba su wuce mana, gobe da sassafe sai a fasa ta."

"Da mi za su duba?"

"Ruwa suka zubawa, su ga ko ya fita."

"To gugan da za a zuba shi kwashe sauran tawadar da tak kwanta ciki shi kai kwata, ni ina zaune ina kallo? Kuma mu nuna masu abu yau mu fasa shi gobe, wanga sunansa mi?"

Suhaibu ya tura babur ɗinsa waje.

Ya samu Ɗan'iya a bayan kasuwa, cikin rami har ƙugu, yana shafa wa wani bututu gam. Da ya ji labarin, sai ya saki gwangwanin ya dafe kai da hannu biyu, gam ɗin da komai.

"Innalillahi! Malam, ni ƙaƙa za ni sani? Na ga rami da tsakuwa, nic ce sokawe na irin na mutanen da. Wallahi da na sani hannuna bai taɓa wurin."

"To taho ka cire ta."

"A'a, nan fa ɗaya. Na riga na shaida ma duba-gari gidanku rariya ukku ta: ta wanka, ta wanke-wanke, ta kusurwa. Da ni za su zagaya. Kowace sai an zuba ruwa sun ga ya fito. In ɗaya ta ƙi, akwai magini biye da su da kwanon siminti, nan take shi toshe maka bakin bututun baki ɗaya. Ruwan wankanku shi dawo maku tsakar gida, ga damina tafe."

"To ka ce masu ka yi kuskure, biyu ne."

"In ce na yi kuskure, su ce in buɗe duk gidajen da niy yi a sake dubawa? Malam, ka rufa man asiri. Tai sakatariya, su sunka yi dokar, su sunka san kanta."

A sakatariya aka nuna masa sashen ayyuka. Wani mutum mai ƙaton tumbi yana cin gyaɗa a bakin taga ya saurare shi da rabin kunne, sannan ya karanto masa dokar da ka, kamar mai biya hadda. Gida ɗaya, bututu ɗaya. Faɗinsa inci huɗu. A binne shi yadda mota ba za ta fasa shi ba. A ba shi gangare don kada ruwa ya kwanta. Kada bakinsa ya zarce jikin lambatu ya tare shara.

"Naka ya cika waɗannan?"

"Ya cika."

"To me ya kawo ka?"

"So nake in cire rariya ɗaya, in mayar da rami yadda yake a da."

"Rami a cikin gida? In na bayan gida ne, dole ne ma ka yi shi, domin bayan gida ba ya shiga lambatu. In ba na bayan gida ba ne, an hana."

Suhaibu ya juya maganar, ya ga duk ta inda ya juyo ta ba ta zauna ba.

"Wato ramin ƙazanta dole ne, ramin ruwan allo kuma an hana?"

Mutumin ya daina tauna. Ya dubi Suhaibu kamar ya zo masa da tambayar kabari.

"Allo kuma? Malam, mu a nan bututu muka sani. Abin da ke bi ta cikinsa ba namu ba ne, na duba-gari ne. Ƙofa ta ƙarshe, hannun hagu."

A ƙofa ta ƙarshe ya tarar da Abdulganiyyu, babban duba-garin shiyar, yana ɗaure igiyar takalmi. Dogo ne, siriri, kakinsa a goge, mutumin da masu sayar da nama ke rufe tire in sun hango shi. Sun san juna farin sani. A gindin lallen nan Abdulganiyyu ya wanke allonsa na farko, lokacin da Inna ke haɗa yaran maƙwabta da nata tana koya musu baƙi. Suhaibu ya ji sanyi a ransa, ya ce yau dai ya zo gida.

Abdulganiyyu ya saurara har ƙarshe. Da aka zo wurin tawada a lambatu ya runtse ido, ya yi istigfari a hankali. Amma da ya buɗe idon, na duba-gari ne.

"Inna ta ga abin da idonta?"

"Ita ta nuna mini."

"Subhanallahi." Ya ja numfashi. "Suhaibu, ba zan iya ba."

"Rami ne fa ɗan ƙarami, kai ma ka san shi. Ruwa ba ya kwana a ciki."

"Na san shi. Amma in na bar maka naka, gobe kowane gida a shiyar nan zai ce nasa ramin na allo ne, kuma wa zai iya ƙaryata su? Bara da amai da gudawa ya shigo, ni na riƙa ɗaukar yara a kan babur ɗin nan ina kai su asibiti. Wasu na dawo da su a naɗe. Ba don a ɓata wa kowa aka yi dokar nan ba."

"To ka shiga da kanka ka gani, ka yi hukunci."

"Gidan matan aure? Ba na shiga. Ma'aikatanmu mata da ke shiga an kwashe su sun tafi Kebbe aikin rigakafi. A waje zan tsaya, ku zuba in gani. Ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Abin da idona ya gani shi zan faɗa."

"In ta ukun ba ta fito ba fa?"

Abdulganiyyu ya koma kan igiyar takalminsa, wadda ya riga ya ɗaure.

"Ka gaida mini Inna," in ji shi.

Rana ta take lokacin da Suhaibu ya fito. Ya zauna a kan babur bai tayar ba. Mai famfo ya tura shi wurin masu doka, masu doka sun tura shi wurin mai dubawa, mai dubawa ya ba shi saƙon gaisuwa. Sai ya tuna da Baffa Sharifuddeen, ƙanen mahaifinsa, wanda ake zuwa ɗaukar karatu wurinsa har daga Jabo. In Baffa ya ce babu laifi, Inna za ta ji. In ya ce akwai, to aƙalla mutum ya san inda ya tsaya.

Baffa na zaure a kan buzu, littattafai sun kewaye shi. Ya ji bayani yana shafa gemu, ya sa Suhaibu ya maimaita, sannan ya fara tambaya. Ruwan da ya fita, baƙi ne ƙirin ko ya dishe? Ana iya gane harafi a cikinsa? Matan da gangan suka yi ko da rashin sani? Lambatun yana gudu ko a tsaye yake?

"Da safe yana gudu, Baffa. Da rana yana tsayawa."

"To ka gani, mas'ala ta zama biyu."

Ya jawo wani littafi ya buɗa, ya rufe, ya jawo wani. Ya ce akwai malaman da suka ce in rubutu ya narke ya bar siffarsa, hukuncinsa ya sauka. Akwai kuma waɗanda suka ce girmamawa ba ta narkewa, a nema masa wuri mai tsarki ko da ɗigo ne. Na farkon suna da hujja. Na biyun ma suna da hujja, kuma su ne iyayenmu suka bi.

"To ni wanne zan bi?"

"Bin hukuma cikin abin da ya shafi lafiyar jama'a wajibi na, ɗana."

"To in bar rariyar ke nan."

"Bin mahaifiya cikin abin da ba saɓo ba shi ma wajibi na."

"Baffa, duka biyun bayan la'asar ne."

"Allah shi ka sanin daidai." Hannunsa ya tsaya a gemu. "Tsaya. Wa kac ce ya yi maku aikin?"

"Ɗan'iya."

Baffa ya miƙe da saurin da Suhaibu bai taɓa ganin ya yi ba, ya bar takalmi ɗaya a zaure, ya faɗa cikin gida yana kiran matarsa yana tambayar ina yara suka wanke alluna yau. Suhaibu ya jira, ya ƙara jira. Da ya ji salati ya tashi daga ciki, ya san fatawarsa ta ƙare.

Ya yi azahar a masallacin bakin hanya, ya idar bai san surar da ya karanta ba. Da ya isa gida Inna na nan inda ya bar ta, a kan jaka, carbi na tafiya a hannunta, kofin ruwan na gefe ƙuda na yawo a bakinsa. Ba ta tambaye shi abin da aka ce ba. Shi ma da ta tambaya bai san wanne zai faɗa ba.

Ya wuce ciki ya tsaya a gindin lallen. Ganyen ƙasa ya fara rawaya, tun da aka daɓe wurin bai sha ba. A cikin ɗan kwanon simintin baƙin tawada ya kwanta a gefe-gefe. Ya tuna ranar da ya zuba ruwan allonsa da gaggawa ya fantsama a kan hanya, mahaifinsa ya sa shi ya kankare ƙasar da cokali ya kawo nan. Bai yanke shawarar komai ba. Har ga Allah bai yanke ba. Kawai ya ga kansa ya shiga gidan maƙwabci ya aro diga.

"Malam, za su toshe mana fa," in ji Bara'atu.

"Na sani."

"To ruwan wanka ina za shi?"

"Ban sani ba. Kawo tasa."

Hannun da ya saba da alli ba ya jin daɗin diga. Kafin simintin ya tsage tafinsa ya yi ƙulu-ƙulu, kafin ya kai ga bututun sun fashe. Ya zare guntun da ya taho daga kusurwa, ya ɗaga shi a hankali kamar mai ɗaukar jariri, ya ɗauraye cikinsa a tasa, Bara'atu ta kankare kwanon da cokali ta haɗa. Ya cusa tsumma a bakin da ya rage, ya liƙe da laka. Tsakuwar da Ɗan'iya ya watsar tana bayan ɗaki, suka kwaso ta a zani suka mayar. Sannan ya juye abin da ke cikin tasar a gurbin, ya tsaya yana kallo har ƙasa ta shanye.

Ana sallame la'asar aka yi sallama biyu a ƙofar gida kusan tare. Ɗan kabu-kabu ya iso, masu duba aiki ma sun iso. Suhaibu ya leƙa. Abdulganiyyu na tsaye a kan lambatu daidai bakin bututunsu, Ɗan'iya na gefe yana kallon ko'ina ban da shi, magini kuma ya sauke kwanon siminti yana juya shi da cokalin gini don kada ya daskare.

"A fara," in ji Abdulganiyyu. "Ta wanka."

Suhaibu ya koma ciki ya ɗebi guga a randa ya juye a rariyar wanka da ke makewayi. Jim kaɗan murya ta tsallako katanga.

"Ya fito! Ta biyu."

Ya juye a wurin wanke-wanke.

"Ya fito! Saura ta kusurwa."

Ya cika guga na uku ya tsaya a tsakiyar gida. Bara'atu ta dube shi, ta karkata ido zuwa makewayi, ta sake dubansa. Shi ma tunanin ya zo masa tun kafin ta nuna. Wanda ke waje ba ya ganin ciki, ruwa kuma duk ruwa ne. Taku kaɗan ne tsakaninsa da makewayin. Ya ɗaga ƙafa, sai ya ga Inna a bakin ƙofar zaure, ta taso daga kan jakarta tana kallonsa. Ƙafar ta koma inda take. Gugan ya yi masa nauyi, ruwan na zuba a kan yatsunsa da suka fashe.

"Muna jira," in ji muryar waje. "Gidaje na gaba."

Inna ta karkata kai tana saurare.

"Wane na ka magana haka? Ba Ganiyyu ba na, ɗan Tambaya mai ƙosai?"

"Shi ne, Inna."

Ta tako a hankali, ta dubi fasasshen simintin, ta dubi tsakuwar da aka mayar, ta dubi hannun ɗanta. Ta karɓi gugan daga hannunsa, ta tuɓe takalmi, ta yi bisimilla, ta juye shi a gindin lallen. Ruwan ya taru, ya yi 'yan ƙwayaye, ya fara nutsewa tsakanin duwatsun. Sannan ta ɗaga murya yadda take yi in yaro na bayan aji yana wasa.

"Ganiyyu! Na zuba. Inda nis saba zubawa niz zuba, ka san wurin."

Ana jin cokalin magini na kankarar kwano, sannan shi ma ya tsaya. Suhaibu ya runtse ido yana jiran ƙarar siminti a bakin bututu. Wata akuya ta yi kuka a can ƙasan titi.

"Ya fito, Inna," in ji Abdulganiyyu. Muryar ba ta kai ta ɗazu ƙarfi ba. "Magini, mu je gaba."

Bara'atu ta toshe baki da mayafi. Suhaibu ya juyo zai yi wa mahaifiyarsa murmushi, sai ya ga fuskarta ta canza gaba ɗaya.

"Ya fito?" in ji ta. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Har yanzu fita shi kai?"

"A'a, Inna, ba haka..."

"Yaron ga ni nik koya mai baƙi, bai yi man ƙarya. In yac ce ya fito, ya fito. Akwai wata kafa ƙarƙashin ƙasa da ba ku gani ba."

Kafin ya haɗa kalma biyu ta saka takalmi, ta suri jakarta a zaure, ta fita. Ya bi ta yana kiran Inna, Inna, bai san ko so yake ta tsaya ko ta je ta gani ba. In ta hau babur ɗin can, shi ke nan. In ta tsaya ta tona maganar a gaban jama'a, magini bai yi nisa ba, kuma aikin Abdulganiyyu ma sai abin da Allah ya yi.

Ba ta nufi babur ba. Bakin lambatu ta nufa, ta dafa gwiwa ta sunkuya. Bakin bututun ya daina ɗiga, danshin guga na biyu har ya fara bushewa a jikin simintin da rana ta gasa. Ta jira. Ta sa yatsa a ciki ta fito da shi, ta duba. Ta ƙara jira, kamar mai ba ruwan dama ya fito ya gaskata yaronta. Ba abin da ya fito.

Magini ya riga ya sauke kwanonsa a ƙofar gida na gaba. Ɗan'iya ya sami wani abu mai muhimmanci a sararin sama yana kallo. Abdulganiyyu kaɗai ya rage, dogon mutum cikin kakin da aka goge, ya harɗe hannu a baya, idonsa a kan takalminsa.

Inna ta miƙe a hankali. Ta daɗe tana dubansa.

"Ganiyyu."

"Na'am, Inna."

"Ina munka tsaya da kai?"

"A Tabara, Inna. Daga nan aka sa ni boko."

"Haka nit tuna." Ta gyara mayafi. "Gobe in an fito asuba ka taho zaure da allonka. Akwai abin da ba mu kai gare shi ba."

"To, Inna."

Ya ɗan rusuna, ya juya ya bi mutanensa. Daga ƙofar gaba aka ji muryarsa ta dawo yadda take, yana cewa a fara da ta wanka.

Inna ta miƙa wa Suhaibu jakar ba tare da ta dube shi ba, ta shige zaure. Ya tsaya riƙe da ita a tsakiyar titi, bai san ko babur aka ce ya kai ta ko ɗaki ba.

"Malam," in ji ɗan kabu-kabu, "a tai ko an fasa?"

Suhaibu ya jiyo muryar Inna daga cikin gida tana ce wa Bara'atu ta ɗebo mata ruwa a randa, mai sanyi, tun safe ba ta sha komai ba.